Bangon da Baba Ya Rushe Saboda Damfa

Daminar bana ta cika shekara tara da rasuwar mahaifina. A Kudenda Baba Mai Boila ake ce masa, kuma akwai maƙwabtan da ba su taɓa jin sunansa na haihuwa ba sai ranar jana'iza, daga bakin fasto. Ni ce autarsa. Ina da shekara goma sha huɗu ya rasu, yanzu ina ajin ƙarshe a karatun injiniyan injuna. A gidanmu ba ma yin taron tunawa. Mama takan dafa faten acha, abincin da ya fi so, mu ci, a yi addu'a, kowa ya kama gabansa. Bana ne kawai tunawar ta zo mana da gardama, kuma gardamar a kan bango ce.

Sai na koma baya kafin a gane bangon. Baba ya yi shekaru yana kula da boila a wata masaƙa da ke Kakuri, wato babbar tukunyar ƙarfe da ake hura wa wuta da baƙin mai don ta ba da tururi. Da masaƙar ta rufe ya yi gadi, ya yi acaba, babu wanda ya karɓe shi a ciki. Daga baya ya ji labarin 'yan gwangwan suna yanka kayan wata masana'anta, ya je ya ceto wata ƙaramar boila kafin wutar walda ta kai kanta. Da ita suka buɗe gidan wanki da guga, shi da Mama: zannuwan gado na masaukan baƙi da ƙananan asibitoci, rigunan mawaƙan coci, kayan biki. Ginin ba shi da girma. Akwai zauren wanki, akwai ɗakin boila, sai wani ɗan ɗaki manne da ɗakin boilar mai ƙofa ta bakin titi. Wannan Baba ya ware wa kansa. Ya sa kujera da rediyo da labule. Ya ce tun da aka haife shi bai taɓa samun ɗakin da zai rufe ƙofa ya zauna shi kaɗai ba.

Cikin kayan da suka zo tare da boilar akwai abin da ma'aikata ke kira damfa. Faifan ƙarfe ne kamar murfin tukunya, yana lilo a bakin wani guntun bututu da ake liƙawa a jikin bututun hayaƙi, da ɗan ƙarfe mai nauyi da ake murzawa gaba ko baya don a daidaita shi. Aikin damfa guda ne. Dogon bututun da ke tsaye bisa rufi yana zuƙar hayaƙi daga cikin boila, amma zuƙar ba ta zama a awo ɗaya: in bututun ya ɗau zafi ta ƙaru, in iska ta kaɗa a sama ta ƙaru, da sanyin safiya ta ragu. Wuta kuwa ba ta son irin wannan canje-canje. Idan zuƙa ta yi yawa sai damfa ta buɗe da kanta, bututu ya sha iskar ɗaki maimakon ya fizgi wutar. Idan ta ragu sai ta rufe. Ba ta buƙatar lantarki, ba ta buƙatar mai tsaro. Abin da take buƙata kawai a sa ta inda ya dace, kuma a nan ne Baba ya yi kuskure.

Ɗakin boilar ƙarami ne. Boilar ta kusa jingina da bangon baya, bututun hayaƙi yana fita daga jikinta ya yi gwiwa ya huda bango nan take. Babu inda damfa za ta zauna a ciki. Baba ya yi tunani irin na mai hankali, ya ce abin da aikinsa shan iska ne, ai sai a kai shi inda iska take da yawa. Abokinsa Oga Emeka, mai walda a Kakuri, ya liƙa ta a waje, bayan bango. A watannin zafi aka yi aikin, lokacin da iska take kwance, don haka komai ya tafi lafiya lau har damina ta kawo kai.

Ranar da hadarin farko ya taso, fararen rigunan matan zumunta na cocinmu suna rataye a zaure, an wanke an goge, ana jira a zo a karɓa don babban taronsu. Iska ta bugi bayan ginin, ta tura damfar ta buɗe gaba ɗaya, ta riƙe ta a buɗe. Bututu ya ƙoshi da iskar waje, ya daina zuƙar wuta. Hayaƙi ya rasa hanya ya dawo ta bakin bona, wato injin da ke fesa mai yana hura wutar. Na ji ƙara kamar an bugi katifa da sanda, sai baƙin gari ya cika ɗakin, ya bi ƙofa ya shiga zaure. Babu wanda ya ji rauni. Amma kunkunniyar baƙin mai ba ta kakkaɓuwa, in ka taɓa ta da yatsa sai ta ja layi. Mama tana cikin shugabannin zumuntar. Ita ta bi gida gida tana ba da haƙuri, kuma a taron nan matan cocinmu ne kaɗai suka shiga fili da riguna ruwan toka. Har yau akwai wadda in ta hango Mama a kasuwar Sabon Tasha takan ɗaga murya ta ce, "Mama Ishaku, yaya injin rini?"

Oga Emeka ya zo ya duba ɓarnar, ya riƙe ƙugu. "Oga Boila, wannan murfi wahala ne. Bari in liƙe bakinsa da walda, kowa ya huta." Baba bai yarda da walda ba, amma ya ɗaure damfar da waya don ya ga abin da zai faru. Ya kuwa gani. Wuta ta riƙa tsalle tana barin bakin bona, mai ya riƙa ƙarewa da wuri, dogon bututu ya yi zafi har fentinsa ya ɓare, ruwan boila kuma ya daɗe bai ba da tururi ba. Baba ya kwance wayar ya ce, "Emeka, sama muke dafawa."

Abin da ya yi bayan haka shi na fi tunawa da shi. Ya hau mashin ya koma tsohuwar masaƙarsu. Maigadin tsohon abokin aikinsa ne, ya buɗe masa. Boiloli duk an kwashe, babu abin da ya rage sai ramuka a bango, da ƙarafan da suka riƙe bututu, da tabon tsatsa a inda kowane abu ya taɓa zama. Da waɗannan ya karanta yadda aka shimfiɗa bututun. Ya gaya mini daga baya cewa ya yi shekaru yana tsaye kusa da damfar masaƙa, yana goge ta, yana ɗiga mata mai, bai taɓa tambayar me ya sa aka sa ta a nan ba a can ba. Aikinsa tashin wuta ne, wasu ne suka kafa. Bai ji kunyar faɗin haka ba. A ranar ya ga kowace damfa cikin zaure ɗaya take da boilarta, a gefen miƙaƙƙen bututu, nesa da gwiwa.

Ga yadda ya bayyana mini, ni da nake yawan zama a wurin da littafina don ƙarar injin tana hana mutane yi mini magana: "Bona da damfa, iska ɗaya za su sha. In ɗaya yana ciki ɗaya yana waje, ita tana jin abin da shi bai ji ba. Sai ta yi gyara a kan labarin da ba na wutar ba." A makaranta an koya mana wannan da lissafi da zane, kuma ban sami abin da zan cire daga maganarsa ba.

Miƙaƙƙen bututu yana buƙatar wuri, wurin kuma ɗaya ne. Baba ya ɗauki guduma ya rushe bangon da ke tsakanin ɗakin boila da ɗakinsa. Aka juya bututun, aka miƙar da shi a kwance har tsakiyar tsohon ɗakin, daga nan ya hau ya huda rufi. Damfa ta zauna a gefen kwantaccen bututun, ba a bisansa ba inda faifan ba zai yi lilo daidai ba, ba a ƙarƙashinsa ba inda dauɗa za ta taru a kanta. Ya bar fiye da kamu guda tsakaninta da boila, ya huda ɗan rami a tsakani don awon zuƙa. Ya ari ma'aunin magina mai ɗigon ruwa a ciki, ya sa Oga Emeka ya sake liƙa wuyan damfar don ya ɗan karkace. Ƙofar titi kuwa ya kulle ta, ya buɗe wa ɗakin mashigar iska a ƙasan bangon baya. Kujera da rediyo suka dawo gida, inda mu yara ba mu taɓa barinsa ya ji labarai har ƙarshe ba. Mama ta ce, "Ni da na haifa maka 'ya'ya huɗu ban sami ɗakin kaina ba, murfin tukunya ya samu." Ya ce murfin tukunya bai taɓa yi masa gori ba.

Nakan yi tunanin abin da zai ce da zai ga Kudenda yau. Ba na jin zai yi ta kukan zamanin da ya wuce, ba halinsa ba ne. Da zai ga ɗan ma'aunin zuƙa mai batir da muke amfani da shi a makaranta, da ya roƙe ni in aro masa ko na yini ɗaya ne. Da zai ga masu wanki da yawa sun koma gas da dutsen guga na lantarki, da ya tambayi ingancinsu kafin ya yi raini. Abin da zai tsaya yana kallo shi ne bangaye. Duk bangon da ya fuskanci titi a unguwar nan an yanka shi an fitar da shago. Mai sayar da kati, mai cajin waya, mai aski, mai ƙanƙara. Ba kwaɗayi ba ne. Mutanen da a da ƙarar jiniyar masaƙa ke tashinsu da safe, yanzu kowa ƙofar gidansa ce wurin aikinsa.

Gidanmu ma abin ya iso shi. Yayana Ishaku ne ke tashin boilar tun bayan Baba, kuma ya iya. Daga zaure yake jin sautin wuta ya san ko bakin bona ya toshe, abin da ni ban iya ba duk da karatuna. Matarsa Rifkatu tela ce. Mai shagon da take haya a Unguwar Boro ya karɓi abinsa, ta kwaso kekunan ɗinki biyu ta zuba a falo, ga jaririya a baya, Murna. Yaya ya ce maganin a fili yake: a mayar da bangon da Baba ya rushe, a buɗe ƙofar titi, Rifkatu ta sami shago. Shatin tsohon bangon yana nan a daɓe. Mama ta amince, aka sauke bulo.

Na san abin da hakan ke nufi tun ranar da na ga bulon. Damfa za ta koma cikin shago, bona ya zauna a ɗaya gefen. Ƙofar shago a buɗe take wuni, tana fuskantar iskar titi. Kuma duk ranar da hayaƙi ya rasa hanya, bakin damfa na cikin wuraren da zai fara fita, daidai saman inda mai ɗinki za ta shimfiɗa tabarma ta kwantar da 'yarta. Sanin abu dabam ne, faɗinsa dabam. Ni ko a aji ba na ɗaga hannu, sai an tashi nake bin malami da tambayata. A gidanmu kuma auta ba ta gyara wa babban wa magana. Sai ranar faten acha, ana cikin ci, na ajiye cokali.

"Yaya, in aka mayar da bangon, damfa za ta koma shago."

"To sai me? Cizo take yi?"

"Ƙofar titi za ta kasance a buɗe."

"Jama'a, injiniya ta yi magana," in ji shi, aka yi dariya. "Auta, ni ma ina nan ranar zumunta, ni na kwashe rigunan. Waje Baba ya sa ta. Wannan ɗaki ne, da rufi da komai."

Maganarsa da ƙamshin gaskiya, shi ya sa ta fi wuyar amsawa. Ya ce in ma abin ya dame ni, a dawo da ita bayan boila a liƙa a gwiwar bututu. Na ce a gwiwa hayaƙi dukan ƙarfe yake yi kafin ya juya, zai riƙa tura faifan yana fita ta bakinsa, kuma babu miƙaƙƙen wuri da ya rage a wancan gefen. Rifkatu ta gyara goyo ta ce, "Auta, ni dai wuri nake nema. Falo ya cika da zare, yayanki kullum yana taka allura yana zagin tela." Na ji nauyinta fiye da dariyar Yaya. Ban iya gardama ba, don haka na roƙi abu ɗaya: a ara mini falankan da aka saya don silin shagon, a bar bulo ya jira ranar da hadari zai haɗu.

Ranar Lahadi bayan sujada gabas ta yi baƙi. Muka jera falankan a kan shatin tsohon bango, muka toshe gefe da gefe da tsofaffin zannuwan gado. Yaya ya tashi wuta. Na kunna turaren tsinke na riƙe a bakin ɗan ramin da ake leƙen wutar boila. Muddin zuƙa tana daidai, hayaƙin turaren zai lanƙwasa ya shiga ramin a hankali, kuma haka ya yi. Rifkatu da Mama suka zagaya ta titi suka buɗe tsohuwar ƙofar Baba, da ƙyar, don tsatsa. Aka daɗe ba abin da ya faru. Yaya ya fara fito. Na fara lissafin yadda zan ba da haƙuri.

Sai iska ta iso. Daga bayan falanki muka ji damfar ta buga, ta tsaya a buɗe. Hayaƙin turaren ya miƙe tsaye, ya yi rawa, sannan ya juyo ya bugi fuskata. Sautin wutar ya yi kauri. Rifkatu ta ɗaga murya daga can, "Kai, wari nake ji!" Na ce a bar ƙofar titi a buɗe, a cire falankan kawai. Iska ɗaya ce, ba ta ragu ba, amma yanzu tana isa wurin bona da damfa lokaci guda. Faifan ya koma ɗan lilonsa, hayaƙin turare ya sunkuya ya shiga rami.

Yaya ya karɓi tsinken daga hannuna, ya ce a mayar da falankan. Shi ya riƙe, shi ya gani, ya sa aka sake cirewa. Bai ce na yi gaskiya ba. Ya ce, "Hayaƙin turare ne fa, Mama, ba gobara ba." Mama ta ce ranar zumunta ma da ɗan wari aka fara. Amma ba ita ta yanke maganar ba. Rifkatu ce ta ɗaga kai ta daɗe tana kallon bakin damfar, ta ce, "Murna ba za ta kwanta a ƙarƙashin wannan abin ba." Ta ciro allin tela daga jaka, ta wuce tsayayyen bututun, ta bar masa tazara saboda zafi, ta ja sabon layi a daɓe. Sannan ta auna abin da ya rage mata da tef ɗinta, ta naɗe tef ɗin.

A kan layinta aka gina bangon, damfa da bututu suka zauna a gefen boila. Shagon bai kai rabin abin da ta sa rai ba. Keke ɗaya ya shiga, ɗayan yana falo har yanzu. Mai kawo ɗinki a bakin ƙofa ake auna ta, in ana ruwa sai a jira ya ɗauke. Yarinyar da Rifkatu ta yi wa alkawarin koyon ɗinki sai wata tela aka nema mata. Ban faɗi wannan don a ce komai ya ƙare da daɗi ba. Rifkatu ta yi asara, kuma ba ta yi kamar ba ta yi ba. Ina jin da Baba yana nan, kafin ya duba bututu, wurinta zai fara zuwa ya ba ta haƙuri, don ya san abin da ke cikin rasa ɗaki.

Me ya rage na Baba bayan shekara tara? Ba boilar ba ce. Ƙarfenta ya yi siriri, Yaya ya fara tambayar masu gas, kuma ranar da 'yan gwangwan suka zo ɗaukarta ni zan fara cewa a matsar da bangon Rifkatu ta sami ɗakinta cikakke. Ba kuma sunan wanda ba ya kuskure ba, matan zumunta suna raye. Abin da na ga ya rage shi ne abin da Yaya ya yi ran nan: yana da iko ya ce auta ta yi shiru a ɗora bulo, amma ya karɓi tsinken ya duba da idonsa, ya bar abin da ya gani ya yi aiki. A gidan da Baba ya bari, maganar wuta ba a yanke ta da girman shekaru. Ana gwadawa, in bango ne ya tare hanya a matsar da shi, ko na wane ne.

Shekaranjiya da safe, bayan an kwana ana ruwa, na biya ta shagon kafin in nemi mota. Murna tana barci a tabarma, jikin sabon bangon, don da sanyin damina nan ne ya fi ɗumi. Iskar shagon ba ta da warin komai sai na sabon yadi. Rifkatu ta ɗago daga keke, allura a bakinta, ta cire ta ce a hankali, "Injiniya, kar ki tashe ta. Ki shigo ta gefe, kin san shagon naki ba faɗi."